Ibnu Haldun: Alƙalin Malikiyya Da Ya Fara Aza Harsashin Ilmin Zaman Jama'a

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, duk ɗalibin da ya shiga jami'a don koyon ilmin zaman jama'a, watau ilmin da ke binciken yadda mutane ke haɗuwa su zama al'umma, da abin da ke ɗaure su, da abin da ke wargaza su, to, sunayen da zai fara cin karo da su na Turawan ƙarni na 19 ne. Amma fa fiye da shekara 450 kafin a raɗa wa wannan ilmi suna a Faransa, wani malami Bamalike ya keɓe kansa a wani gida cikin duwatsun ƙasar da yau ake kira Aljeriya, ya rubuta littafi a kan waɗannan mas'aloli, ya kuma bayyana a cikinsa cewa fanni ne mai zaman kansa, wanda bai tarar da wani ya riga shi tsara shi ba. Wannan malami shi ne Abdurrahman Ibnu Haldun. Rayuwarsa ita ce mabuɗin littafinsa, domin babu wani abu da ya rubuta game da hawa da saukar dauloli face ya gan shi da idonsa, sau da yawa ma da shi aka yi.

Asalinsa Da Karatunsa

Sunansa Abdurrahman ɗan Muhammadu, alkunyarsa Abu Zaid, laƙabinsa Waliyyuddin. An haife shi a birnin Tunis ran 1 ga watan Ramadan shekara ta 732 bayan Hijira, daidai da 27 ga watan Mayu 1332. Danginsa suna danganta kansu ga Sahabi Wa'ilu ɗan Hujru, mutumin Hadramaut ta ƙasar Yaman. Kakansu Halidu, wanda aka fi sani da Haldun, shi ne ya ƙetara zuwa Andalus, zuriyarsa suka zauna a Ishbiliya suka zama manyan gari. Da suka ga alamun birnin zai faɗa hannun sarkin Kastila, abin da ya auku a 1248, sai suka yi hijira zuwa Sabta, daga nan suka wuce Tunis, inda sarakunan Hafsawa suka karɓe su hannu biyu. Kakan mahaifinsa ya riƙe baitulmali har aka kashe shi a cikin wata fitinar sarauta. Mahaifinsa kuwa ya guje wa fada, ya rungumi littattafai.

A hannun mahaifin nan ya fara karatu. Ya haddace Alƙur'ani, ya karanta shi da ƙira'o'i bakwai a wurin Ibnu Burral, ya ji Muwaɗɗa ta Imamu Malik da Sahihu Muslim a wurin Wadi Ashi, ya kuma sha nahawu da lugga da waƙoƙin Larabawa da fiƙihun Malikiyya. A shekarar 1347 Sarkin Maroko Abul Hasan, na gidan Marinawa, ya ci Tunis, ya zo da ayarin malamai. A cikinsu akwai Shehu Abili, gwanin manɗiƙi da lissafi da falsafa, wanda yaron ya lizimta shekaru, kuma a wurinsa ya koyi tambayar dalilin kowane abu. Yana wajen shekara 20 ya taƙaita wani babban littafin tauhidi na Fahruddin Razi, ya kira taƙaitawar Lubabul Muhassal.

Kafin nan kuwa babbar jarrabawa ta same shi. A shekara ta 749, watau 1348 zuwa 1349, annobar nan da ta share ƙasashen gabas da yamma ta shiga Tunis, ta ɗauke mahaifinsa da mahaifiyarsa da yawancin malamansa, yana ɗan shekara 17. Wannan masifa ba ta taɓa fita daga zuciyarsa ba. Bayan shekaru ya bayyana cewa annobar ta bar garuruwa kango, ta raunana dauloli, ta sauya duniya har ta zama tamkar sabuwar halitta, saboda haka ana bukatar wanda zai sake rubuta labarinta daga tushe.

Shekara Ashirin Da Biyar A Ƙofar Sarakuna

Aikinsa na farko a fadar Tunis shi ne rubuta kalmomin godiya ga Allah da manyan haruffa a tsakanin Bisimilla da matanin wasiƙun sarki. Aikin bai cika masa ido ba, sai ya yi yamma, a 1354 ya isa Fas, ya shiga majalisar malamai ta Sarki Abu Inan, ya zama ɗaya daga cikin magatakardansa. Ba a daɗe ba aka zarge shi da ƙulla makirci tare da wani ɗan sarkin Hafsawa mai suna Abu Abdullahi, wanda aka raba da garinsa Bijaya. A 1357 aka jefa shi kurkuku, ya yi kusan shekara biyu a ciki, ya rubuta wa sarki ƙasida mai baiti wajen 200 ta neman afuwa, amma bai ga rana ba sai bayan rasuwar sarkin. A zamanin Sarki Abu Salim, wanda ya taimaka wa ya hau gado, ya zama magatakardan asiri, daga baya aka ba shi sauraron koke-koken waɗanda aka zalunta.

Da aka kashe Abu Salim sai ya ƙetara zuwa Garnaɗa a ƙarshen 1362, wurin Sarki Muhammadu na Biyar da wazirinsa, shahararren marubucin nan Lisanuddin Ibnul Haɗib. Sarkin ya aike shi jakadanci wurin Fedro sarkin Kastila a Ishbiliya, garin kakanninsa. Fedro ya ga hazaƙarsa, ya nemi ya zauna tare da shi a mayar masa da dukiyar gidansu. Ibnu Haldun ya yi godiya ya ƙi. Da ya koma Garnaɗa sai ya lura fuskar waziri ta fara sauyawa saboda kusancinsa da sarki, ya san zama ya ƙare.

Ana nan sai abokinsa Abu Abdullahi ya karɓe Bijaya, ya kira shi a 1365 ya naɗa shi hajibi, watau babban waziri. Da safe yana zartar da al'amuran mulki, da rana yana karantarwa a masallacin fada. Shekara guda kacal aka yi, ɗan'uwan sarkin, Abul Abbas mai Ƙusanɗina, ya kawo yaƙi ya kashe shi. Wasu suka nemi Ibnu Haldun ya naɗa ɗaya daga cikin 'ya'yan mamacin a ci gaba da tsare gari, amma sai ya fita ya miƙa garin ga wanda ya yi nasara. Masu tarihi da dama sun ɗauki wannan a matsayin tabo a gare shi, kuma gaskiya ita ce ya sauya iyayen gida sau da yawa, kamar yadda akasarin ma'aikatan fada na zamaninsa suka yi domin su tsira da wuyansu.

Daga nan ya yi shekaru yana kai da kawowa tsakanin Biskara da Tilimsan da Fas, sarakuna suna aikensa wurin Larabawan daji don ya tara musu mayaƙa. A nan ya zauna cikin tantunansu, ya ci abincinsu, ya ga yadda ƙabilar da ba ta da ganuwa ko albashi take tsayuwa kamar mutum guda, alhali rundunar birni mai kayan yaƙi tana watsewa tun karon farko. Sa'an nan labari ya zo masa cewa an shaƙe Ibnul Haɗib a kurkukun Fas. Ya duba ya ga duk wanda ya yi wa aiki ko an kashe shi ko an tumɓuke shi. A 1375 Sarkin Tilimsan Abu Hammu ya sake aikensa wurin Larabawa, sai ya karkata akala a hanya, ya sauka wurin ƙabilar Auladu Arif, suka ba shi masauki shi da iyalinsa a Ƙal'ar Ibnu Salama.

Muƙaddima

Ya yi kusan shekara huɗu a wannan wuri, nesa da fada, nesa da ɗakunan littattafai. Niyyarsa ita ce rubuta tarihin Larabawa da Barbar da sauran al'ummai, littafin da ya kira Kitabul Ibar. Amma sai ya ga tilas ne ya fara da shimfiɗa a kan yadda za a rarrabe labarin gaskiya da na ƙarya. Wannan shimfiɗa ita ce Muƙaddima, wadda ya gama zubinta na farko cikin wata biyar a shekara ta 779, watau 1377, ya ci gaba da gyara ta har ƙarshen ransa.

Ya fara da lissafa ƙofofin da ƙarya ke shigowa cikin tarihi. Akwai son zuciya ga wani ra'ayi ko mazhaba, akwai yarda da mai ba da labari ba tare da bincike ba, akwai rashin gane manufar abin da aka gani, akwai fadanci ga masu mulki. Mafi girma duka shi ne jahiltar ɗabi'ar zaman jama'a. A nan ya kawo wata ƙa'ida mai daraja. Binciken adalcin maruwaita, wanda malaman hadisi suka ƙware a kai, shi ne madogara a labaran shari'a, domin umurni ne da hani. Amma labarin abin da aka ce ya auku a duniya, sai an fara tambaya ko zai yiwu ya auku, domin in ya kasance ba mai yiwuwa ba ne, to, babu amfanin duba wanda ya ruwaito shi. Ya ba da misali da abin da Mas'udi ya kawo, cewa mayaƙan Bani Isra'ila a jeji sun kai 600,000. Ya nuna cewa kakanni kaɗan ne tsakanin Annabi Yaƙuba da Annabi Musa, tsira da aminci su tabbata a gare su, ba su isa a hayayyafa haka ba, kuma daular Farisa duk da girmanta mayaƙa 120,000 ta tara a Ƙadisiyya, sa'an nan babu filin da zai ɗauki sahun yaƙi mai wannan yawa har ɓangare ya san halin da ɓangare yake ciki.

To, sanin abin da zai yiwu da wanda ba zai yiwu ba shi ne sabon fannin, wanda ya kira ilmin umran, watau ilmin rayuwar mutane a tare da raya ƙasa. Ya kasa shi babi shida: zaman ɗan Adam gaba ɗaya da tasirin ƙasa da iska a kansa, sai zaman mutanen daji, sai dauloli da halifanci da sarauta, sai birane, sai sana'o'i da hanyoyin neman abinci, sai ilmomi da hanyar koyar da su.

Tushen maganarsa shi ne mutum ɗaya ba ya iya ciyar da kansa. Ko abincin yini guda na alkama yana bukatar mai noma da mai girbi da mai niƙa da mai tuya, kowannensu kuma yana bukatar maƙeri da masassaƙi da maginin tukwane. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Idan kuwa mutane suka taru, sai an sami mai hana sashe zaluntar sashe, shi ne mai mulki. Mulki kuma ba ya samuwa sai da abin da ya kira asabiyya, watau ɗaurin zumunci da ke sa mutum ya ji zafin abin da ya sami ɗan'uwansa har ya yarda ya mutu a kansa. Asalinta jini ne, amma tana samuwa ta hanyar ƙawance da wala'i da daɗewar zama tare. Da yake malamin hadisi ne, ya san shari'a ta zargi asabiyya, sai ya bayyana cewa abin zargi shi ne a yi ta a kan ɓata da alfahari irin na Jahiliyya, amma haɗin kai a kan gaskiya ba a tsayar da addini sai da shi. Ya ƙara da cewa kiran addini yana ninka ƙarfin asabiyya domin yana kawar da hassada tsakanin mutane ya fuskantar da su wuri guda, kamar yadda aka gani a Ƙadisiyya da Yarmuk, da kuma tashin Murabiɗai da Muwahhidai. Ya kuma gargaɗi masu wa'azin da ke fito-na-fito da sarakuna ba tare da jama'a a bayansu ba, cewa halaka kansu suke yi da mabiyansu.

Daga nan ya shiga bayanin da ya fi shahara da shi, cewa daula tana da shekaru kamar mutum, kuma galibi ba ta wuce tsara uku, kowace tsara shekara 40, jimla 120. Tsara ta farko ta taso cikin wuya, ta san yunwa, shugaba da mabiya suna tarayya cikin ɗaukaka. Ta biyu ta shiga birni ta ɗanɗana daɗi, sarki ya keɓe kansa da girma, ya ture danginsa ya jawo bayi da barori, amma dai tana tuna abin da ta gani wurin iyaye. Ta uku kuwa ba ta san komai ba sai ni'ima, ba ta iya kare kanta, sai ta yi hayar masu kare ta. A lokacin nan kashe kuɗi ya yi yawa, sai a ƙara haraji. A farkon daula haraji kaɗan ne amma abin da ake tarawa mai yawa ne, domin mutane suna da kuzarin noma da fatauci. A ƙarshenta haraji mai nauyi ne amma abin da ake tarawa kaɗan ne, domin manomi da ɗan kasuwa sun ga wahalarsu wani take yi wa amfani, sun janye hannu. Sai sarki ya shiga kasuwa da kansa, ya sayi kaya da arha bisa tilas ya sayar da tsada, ya ƙarasa kashe fatake. Wannan ne ya sa ya ware fasali guda a kan cewa zalunci shi ke rushe ƙasa. Zalunci kuwa a wurinsa bai tsaya ga ƙwace dukiya a fili ba, ya haɗa da ɗora harajin da shari'a ba ta ɗora ba, da aikin tilas, da hana mai haƙƙi haƙƙinsa. Ƙarshen abin, wasu mutane masu sabuwar asabiyya su taso daga gefe su karɓe mulki, su ma su bi hanyar da na farko suka bi.

Akwai wasu maganganunsa da har yau ba su tsufa ba. Ya nuna cewa aikin ɗan Adam shi ne asalin darajar dukiya. Ya nuna cewa wanda aka ci da yaƙi kullum yana kwaikwayon wanda ya ci shi a tufafi da ɗabi'u, domin yana zaton kamala ce ta ba shi nasara. A babin ilmi ya ce tsananta wa almajiri da duka yana kashe masa zuciya, ya koya masa ƙarya da munafunci don tsoron bulala, ya kuma shawarci malamai su bi da ɗalibi cikin fanni sau uku, daga dunƙule zuwa filla-filla. Ya soki duba taurari da da'awar mayar da ƙarfe zinariya. Game da hankali kuwa, ya kamanta shi da ma'aunin zinariya, wanda awonsa daidai ne, amma wauta ce a ce za a auna duwatsu da shi, saboda haka al'amuran tauhidi da lahira da annabci wahayi ne jagora a cikinsu.

Zamansa A Masar

A 1378 ya koma Tunis don neman littattafai, ya miƙa wa Sarki Abul Abbas kwafin aikinsa. Ɗalibai suka yi masa caa, abin da ya haddasa rashin jituwa tsakaninsa da babban malamin garin, Ibnu Arafa. Ya nemi izinin tafiya hajji, ya shiga jirgin ruwa, ya sauka Iskandariya a ranar ƙaramar salla ta shekara ta 784, watau ƙarshen 1382, kwanaki kaɗan bayan Sarki Barƙuƙ ya hau gadon Masar. Bai sake ganin ƙasarsa ba.

A Alƙahira ya zauna karantarwa a masallacin Azhar, aka ba shi makarantar Ƙamhiyya, sa'an nan a 1384 aka naɗa shi babban alƙalin Malikiyya. Ya tarar da shaidun zur sun cika kotu, ana wasa da dukiyar waƙafi, manyan fada suna aiko da ceto a shari'a. Ya hukunta masu shaidar zur, ya toshe kunnensa daga ceton manya, ya kuma ƙi sauya tufafinsa na mutanen Magrib. Nan da nan maƙiya suka yi masa yawa. Ana cikin haka sai jirgin da ya ɗauko iyalinsa daga Tunis ya nutse kusa da Iskandariya. Baƙin ciki ya haɗu da ƙarar maƙiya, aka sauke shi daga alƙalanci, ya koma ga karatu. Ya yi hajji a 1387, bayan ya dawo aka ba shi kujerar hadisi a makarantar Sargatmish inda ya karantar da Muwaɗɗa, aka kuma ba shi shugabancin zawiyar Baibaras. A 1389 wasu sarakunan yaƙi suka tumɓuke Barƙuƙ, suka sa malamai sa hannu a wata fatawa a kansa, har da Ibnu Haldun. Da Barƙuƙ ya dawo mulki sai ya karɓe zawiyar daga hannunsa. Duk da haka sau shida ana naɗa shi alƙali a Masar, sau biyar ana sauke shi.

Ganawarsa Da Taimur

A ƙarshen shekarar 1400 Taimur, mayaƙin nan na Samarƙand da ya rushe birane tun daga Dilli har Halab, ya doshi Dimashƙa. Sarki Faraj ɗan Barƙuƙ ya fita da runduna tare da malamai, cikinsu har da Ibnu Haldun. Sai sarkin ya ji ƙishin-ƙishin juyin mulki a gida, ya juya ya bar garin. A watan Janairu 1401 aka zura wannan dattijo mai kusan shekara 70 da igiya daga kan ganuwa, ya tafi sansanin Taimur. Ya yi wajen kwana 35 yana zuwa majalisarsa, wani malami Bahanife mai suna Abduljabbar yana yi musu tafinta. Sun tattauna a kan asabiyya da halifanci da sarakunan da. Taimur ya nemi ya rubuta masa bayanin ƙasashen Magrib, ya rubuta. Ya ba Taimur kyautar Alƙur'ani da darduma da ƙasidar Burda da alewa, ya roƙa wa wasu malamai da ma'aikata aminci aka ba su. Amma garin bai tsira ba, an washe shi, wuta ta ci har masallacin Banu Umayya. A hanyarsa ta komawa 'yan fashi suka tare su suka tuɓe su. Duk wannan ya rubuta shi a littafin tarihin rayuwarsa mai suna Atta'arif.

Ya rasu a Alƙahira a ƙarshen Ramadan na shekara ta 808, daidai da watan Maris 1406, yana kan kujerar alƙalanci, aka binne shi a maƙabartar Sufaye a bayan ƙofar Babun Nasri.

Abin Da Ya Adana Na Ƙasashen Sudan

Mutanen Afirka ta Yamma suna da rabo a cikin Kitabul Ibar. A cikinsa aka sami jerin sarakunan Mali tun daga Mari Jata har bayan Mansa Musa, wanda ya yi hajji a 1324, kuma wani ɓangare na labarin ya ji shi ne daga bakin Shehu Usmanu, malamin mutanen tsohuwar Gana, da suka haɗu a Masar a 1394. Ya kawo labarin raƙumin dawa da sarkin Kanem mai Barno ya aika Tunis a 1257, da wanda Mali ta aika Fas a zamanin Abu Salim. Ya ƙaryata tatsuniyar da ke cewa baƙar fata la'ana ce daga Annabi Nuhu, ya ce zafin rana ne sanadinta. Sai dai kuma ya maimaita wasu munanan maganganu na magabata game da baƙaƙen da ke can kudu, waɗanda bai taɓa gani ba, ya faɗa cikin ramin da shi da kansa ya gargaɗi masu tarihi a kansa. Shehu Ahmad Baba na Tambutu ya sanya shi cikin malaman Malikiyya a littafinsa Nailul Ibtihaj.

Tsakaninsa Da Malaman Turai

Almajirinsa Maƙrizi ya yaba Muƙaddima matuƙa, Ibnul Azraƙ na Andalus ya ɗebo daga cikinta, malaman daular Usmaniyya irin su Katib Shalabi da Na'ima suka auna daularsu da ma'auninta, aka kuma juya ta zuwa Turkanci. Amma ba a sami makarantar da ta ɗora gini a kan harsashin ba. An buga ta a Bulaƙ ta Masar a 1857, a Faris a 1858, aka fassara ta da Faransanci tsakanin 1862 da 1868, da Ingilishi kuma a 1958.

Shi kuwa ilmin zaman jama'a na Turai daga tasa damuwar ya tsiro. Juyin juya halin Faransa na 1789 ya rushe sarauta, masana'antu suka kwashe mutane daga ƙauyuka zuwa birane, masana suka shiga tambayar abin da zai riƙe al'umma bayan tsohon tsari ya faɗi. Ogust Komt, wanda ya rasu a 1857, shi ya yaɗa sunan fannin a ƙarshen shekarun 1830. Kal Maks, wanda ya rasu a 1883, ya ɗora tarihi a kan gwagwarmayar masu dukiya da ma'aikata. Emil Durkaim a littafinsa na 1893 ya bambanta haɗin kan mutanen da suka yi kama da juna da na waɗanda sana'o'i suka sa suke bukatar juna. Maks Weba, wanda ya rasu a 1920, ya binciki dangantakar addini da tattalin arziki da kuma ire-iren mulki. Mai karatu zai ga tambayar Durkaim 'yar'uwar asabiyya ce, maganar aiki da dukiya kuma tana cikin babi na biyar na Muƙaddima. Saboda haka adalci shi ne a ce Ibnu Haldun ya riga su, su kuma sun iso ta tasu hanyar. Akwai kuma bambanci babba, domin Komt ya ɗauki addini a matsayin matakin ƙuruciyar hankali da za a wuce, Ibnu Haldun kuwa ya binciki sabubba yana mai ganinsu sunnar Allah ce a cikin bayinsa.

Da Turawa suka san shi sun ba shi haƙƙinsa. Ludwig Gumfulowiz ya rubuta a kansa a ƙarshen ƙarni na 19 a matsayin masanin zaman jama'a. Ɗaha Husaini na Masar ya yi digirinsa na dakta a Faris a kan tunaninsa, Durkaim da kansa yana duba aikin kafin rasuwarsa a 1917. Masanin tarihin nan na Ingila, Arnol Toyinbi, ya sanya Muƙaddima a sahun gaba na irinta. A 1981 har Shugaban Amurka Ronal Regan ya kafa hujja da maganarsa a kan haraji.

Alfahari da cewa Musulmi ne ya riga kowa ba ya ƙara wa kowa komai idan littafin yana rufe. Abin da mutumin nan ya bari tambayoyi ne da kowace al'umma za ta yi wa kanta: shin labarin da ake yaɗawa zai yiwu kuwa, me ya ɗaure jama'a wuri guda, a wace tsara masu mulki suke, kuma manomi da ɗan kasuwa suna cin gumin goshinsu ko an sa sun janye hannu? Wanda ya rasa iyayensa a annoba, ya rasa iyalinsa a teku, ya ɗanɗana kurkuku da wazirci, shi ne ya tabbatar da cewa daula ba ta faɗuwa da tsautsayi, zalunci da almubazzaranci ke cin ta daga ciki tun kafin maƙiyi ya iso ƙofa.

Allah Ya jiƙan Shehu Abdurrahman Ibnu Haldun, Ya gafarta masa kurakuransa, Ya amfanar da al'umma da ilminsa. Amin.